Nasiha A Kan Masu Ra'ayin Siyasa A Baki, Babu Su Ran Ƙuri'a

 

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ina nufin in yi magana a kan wani al'amari da na ga ya zama aibi gare mu, watau yawan ra'ayin siyasa a bakunanmu da ƙarancinmu ran jefa ƙuri'a.

Kowa ya san Kano garin siyasa ne tun zamanin Turawa. A nan aka kafa NEPU cikin 1950, mutanen Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da bulala a hannun En'e domin talaka ya sami ikon zaɓen wanda zai shugabance shi. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, mutanen NEPU suka yi rinjaye a hawan farko cikin birni, da aka kai hawan ƙarshe ba su tsira da kujera ko ɗaya ba. Matan Arewa kuwa ba su sami ikon ƙuri'a ba sai 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun shiga kurkuku sun fita ba sau ɗaya ba. Tun daga nan ba a raba mu da ɓangare: jiya santsi da taɓo, yau mai jar hula da mai ƙin ta. Ka bi daga Hotoro zuwa Tarauni har Gyadi-Gyadi bayan isha'i, kowane teburin mai shayi majalisa ce, kowa da rediyonsa, kowa da gwaninsa, har wa da ƙane su daina gaisawa.

To, sai ran zaɓe ta zo. A 2023 sunayen da ke cikin rajistar Jihar Kano sun kai 5,921,370, amma waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su cika miliyan 2 ba. Watau cikin kowane mutum goma, kamar uku kaɗai suka tsaya a layi. Ina sauran bakwai ɗin? Lalle a cikinsu akwai matattun da ba a share sunansu ba, da waɗanda suka yi ƙaura, kuma shekarar nan an sha wahalar takardar kuɗi da ta man fetur. Na yarda da wannan duka. Amma da yawansu lafiyarsu lau, suna zaune ƙofar gida suna jiran a faɗa musu wa ya ci.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Ikko, birnin bakin teku, ta fi mu yawan rajista, sama da miliyan 7, amma waɗanda suka fita ba su cika biyu cikin goma ba. Can Peter Obi ya rinjayi Bola Tinubu a garin da Tinubu ya yi gwamna shekara takwas, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Mutanen unguwa guda da sun fito da sun juya lissafin.

Hujjar da na fi ji ita ce, wai ƙuri'a ba ta da amfani, tun da za a murɗe. Ni ban ce ba a murɗiya ba. Wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama ran ƙarashen zaɓen gwamna na 2019 ba zai ce haka ba. Amma ku duba, tazarar da aka sanar a ƙarshe 8,982 ce, alhali miliyoyi suna gida. Murɗiya tana sauƙi ne inda mutane suka yi kaɗan, haka sayen ƙuri'a da taliya da sabulu: mai saye yana iya sayen ɗari, ba ya iya sayen gari. Kuma tarihin Kano da kansa ya ƙaryata wannan hujja. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso. A 2011 jam'iyyar da ke mulki ta fāɗi. A 2023 ta sāke faruwa, Abba Kabir Yusuf ya sami 1,019,602, Nasiru Gawuna ya sami 890,705, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024.

Ni a fahimtata ƙuri'a shaida ce: an tambaye ka wa ka ga ya fi cancanta da amanar jama'a. Ku kuwa kun san abin da ƙarshen Suratul Baƙara ya faɗa game da ɓoye shaida. Ban ce wanda bai fita ba ya yi haramun, wannan hukunci ya fi ƙarfin alƙalamina. Abin da na ce, wanda ya kwana shekara huɗu yana yanke wa mutane hukunci a majalisa, sa'an nan aka kira shi inda shaidarsa za ta yi aiki ya noƙe, ba shi da bakin kuka da rashin ruwan famfo ko magani a asibiti.

Mu malamai ma da namu laifin. Waɗansunmu sun mai da mumbari wurin tallar ɗan takara, har jama'a suka ɗauka duk malamin da ya ce a fita zaɓe an ba shi wani abu ne. Shi ya sa masu tsoron Allah suka yi shiru, shirun kuwa bai gyara kome ba.

Zaɓen 2027 yana tafe. Abin da nake roƙo, kowane mai makaranta ya tambayi manyan almajiransa da suka cika shekara 18 ko suna da katin zaɓe, ya tambayi matan gidansa haka nan, ya ba su izinin fita ran da za a yi. Kada ya ambata musu sunan kowa. Wanda katinsa na wani gari ne, ya nemi ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa a mayar masa da shi kusa tun ba a rufe rajista ba.