Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

Bara wata yarinya a ajina ta tashi daga dussa, wato ƙyanda, ta dawo makaranta a rame, idonta na hagu ja, yana zubar da hawaye. Na ce Apolo ne, na tura ta gida don kada ta shafa wa sauran yara. Mahaifiyarta ta sayi maganin ɗigawa wurin mai tallar magani a kasuwa. Yau farin tabo ne a kan baƙin idon, da ƙyar take ganin allo da shi. Ina da kaso a wannan laifin.

Apolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, yakan kama ido biyu, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Amma yaron da dussa, tamowa ko sida suka raunana garkuwar jikinsa, lamarinsa daban ne. Ƙwayar herpes, mai fitar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, tana kwance a jikin mutane da yawa. Da garkuwa ta yi sanyi sai ta farka, ta ci fatar baƙin ido, galibi ɗaya. Maganin ɗigawa mai dexamethasone yana rage ja, uwa ta ɗauka sauƙi ya samu, alhali ƙwayar ce aka buɗe wa hanya. Abin da ake buƙata shi ne aciclovir, kuma likita ne zai duba ya rubuta. Mai dussa kuma a ba shi bitamin A kwana biyu a jere.

Wasu za su ce asibiti da nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Gaskiya ne. Sai dai ciwon yana warkewa in an kama shi da wuri, tabo kuwa ba ya gogewa.

Malamai ƴan uwana, mu ne ke kallon idon yaran nan kullum. In ido ɗaya ne ya yi ja, yaro yana gudun haske, ko ya ce gani ya dushe, musamman in bai daɗe da tashi daga ciwo ba, mu kira iyaye mu ce su tafi CSI a ranar. Iyaye kuma, don Allah, ban da kwalli, ruwan sukari ko nono a idon mara lafiya.

Da a ranar na tsaya na tambayi yarinyar me take gani, da ban ce Apolo ba.