Kachia da Kafanchan: A karɓi asalin rubutun shafi kafin a sallami ɗan kwangila

A shekarar 2025 Kudancin Kaduna ya samu abubuwa biyu da ya daɗe yana nema daga gwamnatin tarayya: jami'ar kimiyya a Kachia, a harabar tsohuwar Jami'ar Nok, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. Hankalin jama'a ya karkata ga gine-gine da ɗaukar ma'aikata, kuma hakan daidai ne. Sai dai ƙofar da ɗalibi daga Zonkwa ko Kwoi ko Kagoro zai fara ƙwanƙwasawa ita ce shafin intanet. A can zai zuba sunansa da lambarsa ta NIN, a can zai biya kuɗi. Ba zargin kowa nake yi ba. Cibiyoyin sababbi ne, shi ya sa yanzu ne lokacin magana, tun icce yana ɗanye.

Mun saba da kutse mai hayaniya. An sauya fuskar shafin INEC ranar zaɓen 28 ga Maris, 2015, kuma a Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa an kutsa nata shafin. Irin wannan kowa yana gani. Wanda ya fi haɗari shi ne mai shiru. A 2018 masu kutse sun cusa layuka 22 kacal cikin rubutun shafin British Airways, suka shafe kimanin mako biyu suna kwashe bayanan katin kuɗin fasinjoji, shafin kuwa yana aiki lafiya lau. Daga baya hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20.

To, yaya ake gane muguwar manhaja a cikin dubban layukan rubutun da aka gina shafi da su? Ginshiƙin aikin kwatance ne. Ana ɗora abin da ke kan saba yau a gefen kwafin asali mai tsabta, duk abin da ya bambanta sai a tuhume shi. Idan da WordPress aka gina shafin, kamar fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, rabin aikin ya zo da sauƙi, domin masu manhajar suna wallafa hatimin kowane fayil nasu, a gwada cikin mintuna. Amma ɓangaren da ɗan kwangila ya rubuta da hannunsa ba shi da madubi sai kwafin da ya miƙa, in ya miƙa.

Idan babu kwafin, sai a koma farauta da alamu. Ana neman fayil na PHP da ya ɓuya a jakar da aka ware wa hotuna, da sabon asusun shugabanci da ba wanda ya san mai shi, da dogon rubutu a cukurkuɗe wanda umarnin eval da base64_decode ke warwarewa. Alamu kuwa suna ruɗi. Manhajoji na halal ma kan yi amfani da waɗannan umarni, kuma mai gaggawar gogewa yana iya rushe shafin ana tsakiyar rajistar ɗalibai. Kwanan watan da ke jikin fayil ma ba shaida ba ne, ɓarawon yana iya mayar da shi baya.

Akwai kuma dabarar da ta fi dacewa da yaudarar manya. Akan shirya cutar ta riƙa zaɓen wanda za ta bayyana wa: darakta ya buga adireshin a kwamfutar ofis ya ga komai tsaf, yarinyar da ta biyo ta Google da wayarta a Kafanchan kuwa a wuce da ita shafin caca. Ta yi ƙorafi, a ce wayarta ce. Ba abin da zai raba gardamar sai kundin shige da fice na saba, wanda ke nuna wa ya shigo, yaushe, ta wace kafa. Shi ne kuma ke tona ƙofar baya da mai kutse ya bari, wadda in ba a toshe ta ba, a share yau ya dawo jibi.

A nan ne maganar ta dawo teburinku, ku da kuke tsara takardun kwangila da rubuta wa shugabanni bayanin amincewa da biya. Sau da yawa ɗan kwangila ne ke riƙe da kalmar sirri da rajistar sunan shafin, wani lokaci har ya ƙawata shi da manhajojin sata da aka sauke kyauta, waɗanda kan zo da cutar a cikinsu. An yi bikin ƙaddamarwa, an biya shi, ya kama gabansa. Jami'in kwamfuta na ma'aikata ya zama mai gadin gidan da ba shi da makullinsa. Ranar da abu ya faru, sai a ba da umarnin a goge komai a sake ɗorawa, a haɗa da shaidar a share.

Doka ba ta karɓar wannan uzuri. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 ya ba da awa 72 a kai rahoton kutse ga ngCERT, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma awa 72 ta bayar a sanar da hukumar NDPC idan bayanan jama'a suka shiga haɗari. Wanda ba shi da kundi ba shi da asali, me zai rubuta a rahoton?

Za a ce kula da shafi yana cin kuɗi kowace shekara, kasafi kuma ya fi son sabon aiki. Gaskiya ne. Amma yawancin abin da nake nema sharaɗi ne a takarda. Kada a saki kason ƙarshe na kuɗin kwangila sai an miƙa cikakken rubutun shafin zuwa ma'ajiyar cibiyar, da lasisin kowace manhaja da aka ɗora, da rajistar suna da sunan cibiyar, an kuma canja kalmomin sirri a gaban jami'inta. A rubuta tsawon lokacin da za a riƙa adana kundin saba. Jami'in da zai riƙe waɗannan kuma ya kasance mazaunin Kachia ko Kafanchan, wanda ɗalibi ko ɗan'uwan majinyaci zai iya nuna wa fuskar wayarsa, ba lambar waya a Abuja da ke kashe daga yammacin Juma'a ba.