RA'AYINMU: Bakwai da Rabi Cikin Ɗari, Amma na Wane Kuɗi?

Ba safai wannan mujalla takan ba da shafinta na farko ga lissafi ba, gama mun san 'yan'uwa da yawa sun zaɓi fannin da suke karatu ne don su rabu da shi. Amma lissafin da muka kawo yau na aljihu ne, kowane ɗalibi kuwa yana biyansa, ko ya sani ko bai sani ba, duk ran da ya sayi katin waya, ko takalmi, ko sabulu a babban kanti.

Harajin nan da ake kira VAT ya shigo Nijeriya da Dokar Soja mai lamba 102 ta 1993, aka soma karɓarsa ran 1 ga Janairu 1994, a madadin harajin sayarwa na 1986. Ya shekara 26 yana kan kashi 5 cikin 100, sa'an nan Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga ran 1 ga Fabrairu 2020. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin watan Yuni 2025 sun bar shi a nan, bayan an sha ja-in-ja a kan a ƙara. Maƙwabtanmu na Nijar kashi 19 suke biya, amma wannan ba dalili ba ne da za mu yi wa namu riƙon sakainar kashi.

Ga yadda abin yake. A ce mai kanti ya saro kaya na N10,000. Dilan da ya sayar masa zai ɗora N750, ya biya N10,750. Ya zo ya sa wa kayan farashin N14,000. Harajin wannan N1,050 ne, watau mai saye zai biya N15,050. To, ba N1,050 ɗin ce mai kanti zai kai wa hukuma ba. Zai cire N750 da ya riga ya biya wajen sari, ya miƙa N300 da ta rage, ranar 21 ga watan da ke biye ko kafin nan. N300 kuwa ita ce daidai kashi 7.5 na N4,000 da ya ƙara a kan kayan. Ta haka kowa a cikin jerin 'yan kasuwa yakan mayar da abin da ya biya, nauyin duka ya sauka a kan na ƙarshe, wanda ba shi da wanda zai sayar wa. Na ƙarshen nan, jama'a, mu ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen komawa da baya. In aka ce maka kuɗin kaya N10,750 ne har da haraji, kada ka ɗauki kashi 7.5 na wannan jimla, don za ka sami N806 da ɗoriya, alhali harajin N750 ne. Sai dai ka raba jimlar da 1.075, farashin asali ya fito, abin da ya rage shi ne haraji. Kazalika mai kantin da ke da rajista, in ya haɗa N750 ɗin nan cikin uwar kuɗi, ya ɗora riba, sa'an nan ya ɗora haraji a kan duka, ya ci sau biyu ke nan: ya karɓa daga hannunka, zai kuma cire wajen hukuma. A kan kaya ɗaya abin bai taka kara ya karya ba. A lissafa shi a kan ɗalibai dubbai, zango bayan zango.

Akwai kuma kayan da doka ta ɗauke wa mai saye wannan haraji: abincin yau da kullum irin su gero da shinkafa da wake, da magunguna, da littattafai da kayan karatu, da kuɗin makaranta. Saboda haka wanda ya sayar maka da littafin darasi ya ce har da VAT, ka tambaye shi wace doka ya karanta. Mun lura kuma wasu shagunan da ke kewaye da jami'a sukan fake da sunan haraji duk sa'ad da za su ƙara farashi, amma in ka nemi rasit sai a yago maka 'yar takarda da ba ta da ko sunan shago. Kuɗin da aka karɓa ta haka, wa ya san inda ya nufa?

Bisa ga wannan muke kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa sharaɗi a kan duk shagon da ke ciniki a harabar jami'a: in zai karɓi haraji, lalle ne ya ba da rasit mai nuna farashi daban, haraji daban, da lambar rajistarsa ta hukumar haraji. Ma'ajin ƙungiya shi ma kada ya karɓi takardar ɗan kwangila da ba ta bambanta waɗannan ba, ko ta riguna ce ko ta buga wannan mujalla. 'Yan'uwanmu masu karatun akanta kuwa, su keɓe yamma ɗaya su koya wa masu ƙananan sana'o'i a cikinmu, don kasuwar da take ƙarama yau tana iya kai matsayin yin rajista gobe.

Ba mu manta da inda kuɗin ke zuwa ba. A da Gwamnatin Tarayya ke ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Daga Janairu 2026 rabon jihohi ya koma 55, na tarayya 10. Wakilan ɗalibai na kowace jiha su riƙe wannan adadi ran da za su je neman bayani a kan kuɗin tallafin karatu.