Malamin da Ya Zo Daga Nesa, Har Yau Ba Mu Rubuta Shi Ba

Muƙalar wannan mako ƙorafi ce a kan wani labari da muka bari yana tsufa a bakin iyayenmu, muna can muna ɗora taurarin littattafanmu a jirgi zuwa Dubai da Landan.

Duk wanda ya zauna da dattawan Gezawa, Jogana ko Tsamiya Babba da suka yi sakandare a shekarun 1970 zuwa 1980, zai ji suna ambaton malamai baƙi: Ba'indiye mai koyar da lissafi, ɗan Pakistan mai kimiyya, Bamisire mai Larabci, ɗan Gana mai Turanci. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya zo a 1976, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Makarantu suka yi yawa, malamai 'yan gida ba su isa ba, kuɗin fetur kuma yana shigowa, sai gwamnati ta ɗauko malamai daga waje. Tun kafin nan ma, malamai daga Sudan sun zo koyarwa a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

A ganinmu labarin waɗannan mutane yana farawa ne bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. A cikin aji malami ne, alli na hannunsa, kowa na jin tsoronsa. Da ya taka ƙofar makaranta ya fita, ya koma ɗan koyo, yaron da ya zane da safe ya fi shi sanin komai.

Mu ɗauki Bamisiren nan ranar kasuwa. Ya taya kaza, mai kaza ya ce "albarka". Shi a Larabcinsa kalmar alheri ya ji, sai ya miƙa hannu zai ɗauki kaza, bai san an ƙi tayinsa ba ne. Ko mu ɗauki Ba'indiyen da addininsa ya hana shi cin naman shanu, wataƙila ma ba ya cin nama kwata-kwata, ga shi a garin da girmama baƙo shi ne a yanka masa wani abu. Ranar Babbar Sallah maƙwabci ya aiko yaro da cinyar rago a faranti. Ya karɓa? Ya mayar, a ce ya raina mutane? Ya karɓa ya ba mai gadi a ɓoye, alhali a ƙauye ba abin da ke ɓuya? Wannan faranti kaɗai ya isa gajeren labari. Ga matarsa kuma, wadda take wuni ita kaɗai a kwatas, ba Hausa, ba dangi, wasiƙar gida sai ta yi makonni a hanya. Ita tana iya shiga gidajen da aka rubuta wa "ba a shiga", mijinta ba ya iyawa, don haka ba mamaki ta riga shi sanin garin. Sai hunturu ya zo ya fasa musu leɓe, wata tsohuwa ta kawo man kaɗanya. Sai koyon jiran mai garuwa, da kunna risho, da gane cewa amsar "ina gajiya" ita ce "ba gajiya" ko da mutum ya kusa faɗuwa.

Na ɗan Gana ya fi ciwo. Fatarsa irin tamu ce, wani ma ya taso a zangon Kumasi yana jin Hausa, har an manta baƙo ne. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasa, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka fita. Jakar da muke zuba kayan lefe da littattafai a ciki, wadda muke kira Gana-mas-go, daga nan ta samo suna. Mu nawa muka taɓa tunanin ajin da aka wayi gari ba malamin Turanci, ko mai shagon da malamin ya tafi da bashinsa, ko budurwar da aka yi wa alkawari? Sauran baƙin kuma naira ce ta sallame su. A farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka daraja, daga 1986 lokacin Babangida ta fara zubewa, albashin da ake aikawa gida ya daina isar komai, suka ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce masu karatu soyayya suke so. Ai ba mu ce a daina ba, soyayya ma tana cikin abin da muka lissafa. Abin da ke ba mu haushi shi ne mun ɗebi shekaru muna kwaikwayon Indiyar fim, rawa da waƙa da komai, ga Ba'indiye na gaske ya zauna a bayan katangar kakanninmu yana fama da sauro, ba mu waiwaye shi ba. In kuwa baƙo ya shigo labarinmu, sai mu mayar da shi abin dariya, mu cika shafi da gurɓatacciyar Hausarsa. Wannan rubutun ragwanci ne. Mutumin da ya ce "ina kwana" da yamma yana jin kunya, kuma kunyar ce ya kamata alƙalaminmu ya bi.

Akwai wani dalilin. Tun 1987 Najeriya take tura nata malamai ƙasashen Afirka da Karebiyan a ƙarƙashin shirin TAC, yanzu kuma abokanmu na neman aikin koyarwa a waje ta intanet. Gobe ɗan Gezawa ne zai tsaya a kasuwar wasu bai san yadda ake taya kaza ba.

Waɗanda waɗancan malamai suka koyar yanzu sun ba hamsin baya, da yawa sun haura sittin. Mu je mu same su da littafi da biro, mu tambaye su sunan da ɗalibai suka laƙaba wa malamin, wa yake yi masa cefane, da kuma ko wani ya raka shi tasha ranar da zai tafi.