DARASIN KOGIN NAM SONG

A garin Vang Vieng na ƙasar Laos, kimanin kilomita 150 arewa da Vientiane babban birnin ƙasar, akwai wata sana'a da ta tashi daga abin da ba a ɗauka da daraja ba, wato tif ɗin tayar mota. Baƙo zai yi hayar tif, ya zauna a kansa, ruwan Kogin Nam Song ya yi ta tafiya da shi a gindin duwatsu. A kogon Tham Nam kuwa, da tocila a goshi ake shiga, mutum na kwance bisa tif yana jan igiyar da aka ɗaura a jikin dutse har ya kutsa cikin duhu.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 wannan wasa ya jawo samarin Turai da Ostareliya, ƙauyukan yankin kuma suka kafa ƙungiyar gama kai suna karɓar kuɗin haya bi da bi. Babu mai musun cewa talakawa sun amfana.

Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba a daɗe ba mashaya suka cika gaɓar kogin, aka kakkafa lilo da dandamalin tsalle a inda ruwa ba shi da zurfi, ga duwatsu a ƙasa. A shekarar 2011 kaɗai asibitin garin ya lissafta baƙi 27 da suka rasu, waɗansu sun nutse, waɗansu sun faɗa kan dutse. Hukuma tana gani ta kau da kai, don kuɗi na shigowa. Sai a 2012, da sunan ƙasar ya ɓaci a jaridun duniya, ga kuma taron shugabannin Asiya da Turai na ƙaratowa a Vientiane, sannan gwamnati ta rufe mashayan, ta rushe lilon.

Waɗansu sun ce ai baligi ne ya kai kansa, laifinsa ne. Wannan magana ba ta wanke hukuma ba. Baƙon da ya sauka jiya bai san inda ruwa ke juyawa ba, bai san cewa ruwan da aka yi a kan tudu yana iya cika kogo alhali a bakinsa rana ake yi ba. Abin da ya faru a Thailand a 2018 ya isa shaida, inda ambaliya ta rufe yara 12 da mai horar da su a kogon Tham Luang fiye da mako biyu. Wanda ya san ruwa shi ne ɗan gari, wanda ya ba shi izinin karɓar kuɗi kuwa ita ce hukuma. Alhakin yana wuyansu.

Kuma ba dole ba ne a kashe sana'a kafin a tsare rai. A ƙasar Belize, inda ake bin Kogin Caves Branch ta cikin kogwanni a kan tif, baƙo yana shiga ne tare da ɗan jagora mai lasin, da rigar ruwa da hular kwano, ana kuma dakatar da shiga idan ruwa ya ƙaru. Vang Vieng ita ma ba ta mutu ba bayan 2012, baƙi sun ci gaba da zuwa.

Saboda haka ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin kowane irin wasan ruwa ko fito, ya sani cewa rayukan jama'a yake sa wa hannu. Kada ya jira sai an jera gawawwaki kafin ya fita duba aiki. Ɗalibin da tafiya ta kai shi irin waɗannan wurare kuwa, ya tambayi lasin, ya sa rigar ruwa, ya kuma haƙura idan damina ta kankama. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.