Bidiyo Kaɗai Ba Zai Adana Dambe Ba

Damben gargajiya yana da ilimi mai zurfi da har yau ba a tattara shi wuri guda ba. Da zarar an tayar da maganar rubuta shi, amsa biyu ake ji daga masoyansa: wai dambe a fage ake koyonsa, sannan wai tunda ana ɗora wasanni a YouTube da Facebook, ai an riga an adana shi. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun ya fi haɗari, domin yana kwantar wa mutane da hankali alhali ana tafka asara.

Abin da kyamara ke bi shi ne kisa: hannu ya tashi, mutum ya kai ƙasa, fage ya ɓarke da sowa. Ba ta tsayawa kan yadda aka naɗa zare, ko yadda ɗan dambe ke miƙa hannun garkuwa yana auna tazara da shi har abokin karawa ya saki jiki. Ba ta bayyana yadda ake tunkarar bahago, ko dalilin da ke sa gogagge ya bar turmin farko ya wuce yana karantar ƙafafun wanda ke gabansa. Wannan ilimi yana kan tsofaffin 'yan wasa, kuma duk wanda ya kwanta dama da nasa yake tafiya. Sunan ɗan dambe Shago ya ɗore saboda waƙar Ɗan Anace, amma kirarinsa waƙar ta riƙe, ba ta koya wa kowa tsayuwarsa ba.

Masu cewa rubutu zai kashe fage su dubi judo. Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882. A 1895 aka jera dabarun kayarwa rukuni biyar, aka sake tsara su a 1920 suka zama 40, kowace da sunanta. Wannan bai hana kowa zub da gumi a wurin atisaye ba. Shi ne ma ya sa mai koyo a Yamai da na Faransa suke kiran dabara ɗaya da suna ɗaya, har wasan ya shiga gasar Olamfik a 1964.

Abin da dambe ke buƙata shi ne kundi na intanet da Hausa, irin tsarin Wikipedia, wanda hannu da yawa za su gina: kowace dabara da shafinta, da sunanta na fage, da guntun bidiyo mai tafiya a hankali, da sunan tsohon da ya yi bayaninta. Inda ɓangaren Kudu ya saɓa da na Arewa, ko na Guramada ya saɓa da na Jamus, a rubuta kowanne kusa da ɗan'uwansa, kada a tilasta musu baki ɗaya. Saɓanin shi kansa ilimi ne. A haɗa da yadda ake kauce wa karaya da bugun kai, domin yara da dama a waya suke kwaikwayo ba tare da maigida ba.

Batun sirri kuwa ba hujja ba ne. Laya da maganin kaka na mai su ne, babu mai neman a tona. Amma bugun da aka yi a gaban dubban 'yan kallo ya daina zama sirri.

Idan Hausawa ba su rubuta ba, wasu za su rubuta, su raɗa wa dabarun sunayen Turanci. Shugabannin gidajen dambe na Kano da Dei-Dei da sauran garuruwa su fara zaunar da tsofaffinsu a gaban na'urar ɗaukar murya tun bana.