Kafin Ka Kafa Gida a Karkara, Tambayi Mai Saura

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wani ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati a Gusau, wanda ya kusa ajiye aiki, ya same ni da tambaya. Yana nufin ya koma wajen Ruwan Bore, ta ƙasar Mada, ya kafa gida ya kama noma. An nuna masa wata saura wadda ta shekara biyar ba a sa mata fartanya ba, aka ce masa ya sassabe kawai, ai wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Shin haka hukuncin yake?

Niyyarsa dai kyakkyawa ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kwaɗaitar da jama'a kafa garuruwa da noma, Gusau ɗin ma Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa ta. Amma waɗanda suka ba shi wannan fatawa sun riƙe rabin magana sun saki rabi.

Gaskiya ne hadisi ya tabbatar da mallaka ga wanda ya raya matacciyar ƙasa, abin da malamai suke kira ihya'ul mawati. To, amma matacciya a wurin malaman Malikiyya ita ce wadda babu haƙƙin kowa a kanta. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafta abubuwan da ake rayawa da su: fitar da ruwa, gini, dasa itatuwa, huɗa, sare kurmi, fasa duwatsu da daidaita wuri. Kewaye fili da shinge kawai ba rayawa ba ne, haka kuma kiwo a cikinsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa littafi musamman a kan wannan babi, Ta'alimur Radi.

Saurar da aka nuna wa ɗan'uwanmu fa? In mai ita gadonta ya yi, ko sayenta, mallakarsa ba ta faɗuwa ko da ta koma daji. In kuwa shi ne ya fara sassabe ta, sa'an nan ya bari har zamani ya yi tsawo, wani yana iya raya ta, da sharaɗin barin nan ya nuna ya haƙura da ita. Wanda ya gudu da iyalinsa cikin dare bai haƙura da gonarsa ba. Kowa ya san halin da ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka shiga saboda 'yan bindiga, Ruwan Bore kanta an kai mata hari a 2019. Saboda haka yawancin saurukan da mutum zai gani a wannan yanki suna da masu su, wasunsu marayu ne da zawarawa da suke raɓe a gidajen dangi cikin birni. Ciyawa ba ta cinye haƙƙin maraya.

Ko saye za a yi, sai an lura. Mutumin da aka kama ɗansa, ya fito da gonarsa don ya haɗa kuɗin fansa, cinikinsa shi ne malamai suke kira cinikin wanda aka matsa. Mashahurin zance a mazhaba, ba ya lazimtarsa. Wasu malamai na baya sun zartar da shi don kada mutane su ƙi saye, kamamme ya dawwama a hannun azzalumai. Ni abin da nake gani, attajirin da ya sayi irin wannan gona a rabin kuɗinta bai kuɓuta ba, ko da alƙali ya tabbatar masa da ita.

Sai kuma harimin gari, watau wurin da mutanen ƙauye suke yin itace da kiwo, da burtali, da mashaya. Waɗannan ba su shiga gonar kowa. Baƙo mai takardun boko da kuɗi a aljihu shi ya fi saurin toshe burtali, daga nan kuwa fitina take tashi tsakanin manomi da makiyayi.

Fili na kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ba da izinin mallakar filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma. Don haka na shawarci ɗan'uwan nan ya fara da mai unguwa da dagaci, ya tara dattawan da suka san iyakoki, a nemo magada duk inda suke, a rubuta ciniki ko aro gaban shaidu biyu adilai, kana ya nemi takardar hukuma. Ya tambayi mazauna wurin halin tsaro kafin ya kwashe iyali, domin kiyaye rai yana gaba da neman dukiya. In ya sauka, rijiya tukuna kafin ɗaki na biyu. Kada kuma ya yi gaggawar tsai da Juma'a a sabon masallacinsa: tana bukatar mazauna sha biyu ban da liman, kuma in masallacin Juma'a yana cikin mil uku daga gidansa, can zai tafi.

Wallahu a'alamu.